Rijiyar Baba da Kainuwar Madam Rabi

Tun da na dawo daga ƙetaren iyaka bakina bai huta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Isa a tare ni, kowa tambayarsa ɗaya: wai da gaske ne na je Nijar koyon kiwon kainuwa? Na ba da labarin har na gaji, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa rago ya tunkuye ni na suma. Ƙarya ce, ban suma ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Sunana Ummaru, a ƙauyenmu da ke kusa da Tozai ana ce mini Ummaru Mai-rijiya. Haƙar rijiya na gada, na kuma yi shekara talatin ina yi. Da mahaifinmu ya rasu, na haƙa wata a bakin gari don ta zama sadaka gare shi. Ban taɓa yin mai zurfinta ba, sai da na fasa dutse kafin ruwa ya ɓullo. Ruwa garau, ga sanyi, ga daɗi. Aka sa mata suna Rijiyar Baba. In na wuce na ji ƙarar guga, sai in ce a raina lada na isa kabari.

Yayata Ige ita ce gidanta ya fi kusa da rijiyar, ba ta kuma shan wani ruwa sai shi. Bayan wasu shekaru tafin hannunta ya fara yin kanta, baƙaƙen ɗigo suka fito mata. Aka shafa man kaɗanya, aka shafa man shanu, abu sai gaba yake yi. Da aka ga irinsa a hannun wasu mutum uku, Malama Saratu ma'aikaciyar lafiya ta zo da kayan gwaji. Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta zuba magani, ta sa wata 'yar farar takarda a murfin. Muna kallo takardar ta koma ruwan ƙasa. Ta ce guba ce mai suna arsenik, ba wanda ya zuba ta, a cikin dutsen can ƙasa take. Na ce to sai mu riƙa tafasawa. Ta ce tafasawa ba ta kashe ta, ruwan ne ma zai ƙone gubar ta ƙara kauri.

Aka shafa jan fenti a bakin rijiyar. Amma yara da baƙi ba su san fenti ba, ana ta kama su suna ja. Maigari ya kira ni ya ce in har ruwan farko na damina ya sauka ba a sami mafita ba, za a cike ta, kuma ni da na haƙa ni zan cike. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya. Ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai dai ta daina fito da hannunta daga cikin mayafi, ko a gabana. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Abokina Jaɓɓi, Bafulatanin da shanunsa suka saba sha a nan, shi ya zo da zancen.

"Ummaru, bara da mun ka kai shanu arewa, na ga wata mace tana kiwon kainuwa cikin kwami, awa mai kiwon kaji."

Na ce, "Jaɓɓi, hurar da kash sha ta kwana biyu? Kainuwa dashen Allah ta, wa ka kiwon ta?"

"Wallahi idona ya gani. An ce ruwan garinsu ma guba gare shi, ita ka wanke shi."

Na kai wa Malama Saratu maganar don mu yi dariya tare, sai ta ƙi dariya. Ta ce ta taɓa karanta cewa tsiron ruwa yana iya tsotse irin wannan guba, amma ba ta taɓa gani ba. Ta rubuta mini tambayoyi a takarda, ta ce in je in gano.

Muka tashi da sassafe a kan babur ɗin Jaɓɓi. Kowa ya san halin hanyoyinmu yanzu, ba a fita sai an tambaya, ba a kuma bari la'asar ta yi wa mutum a daji. A Isa muka jira motocin 'yan kasuwa muka bi bayansu har Sabon Birni, muka karya da ƙosai da koko. Daga nan zuwa Burkusuma rairayi ne zalla. Shi kuwa Jaɓɓi yadda yake kora saniya haka yake tuƙa babur, yana yi masa magana da Fillanci, in ya karkace ya yi masa tsawa. Babur bai ji ba. Sau biyu muna faɗuwa, a na biyun salansa ta ƙone ni a ƙauri. Jaɓɓi ya tashi ya fara duba babur ɗin kafin ya dube ni, na kuwa riƙe wannan a raina har yau.

A iyaka muka tarar da jandarma, wato jami'an tsaron can, a ƙarƙashin rumfar kara. Wani dogo baƙi ya karɓi katin shaidata, bai ko dube shi ba, sai fuskata ya ƙura wa ido. Tsagar Gobirci ya gani.

Ya ce, "To, ga bawana ya iso. Bagobiri, ina za ka ba ka nemi iznin ubangidanka ba?"

Jaɓɓi ya tsure, har ya fara laluben aljihu. Ni kuwa daga jin harshensa na gane Bazabarme ne, kuma tsakaninmu da su wasa ne tun kaka da kakanni. Na ce, "Zuwa na yi in duba ƙasag ga da na ba ka jira, in ga ko ka saida ta."

Ya fashe da dariya, ya sa aka kawo mana ruwa. Da ya tambayi abin da ya kawo mu na gaya masa gaskiya, sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. "Ku zo ku ga Bagobiri, kiwon kainuwa za shi koyo! Ku in an ce ana kiwon iska ma sai kun sayo igiya." Amma da zan wuce ya tambaye ni dalili da gaske. Na gaya masa zancen rijiyar da hannun Yaya. Ya miƙo mini katina da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Mutanen can danginmu ne, harshe ɗaya, tsaga ɗaya, amma akwai abin mamaki. A Maraɗi muka tsaya cin abinci aka kawo mana burodi dogo kamar sandar Jaɓɓi, da tauri kusan haka. Na gatsa, haƙorina na dama ya ba ni amsa. Zogalensu da suke kwaɗawa da ƙuli kuwa, ban ci mai daɗinsa ba, ko da yake ban faɗi haka a gida ba. Mai shayi ya zuba mini a wani ɗan kofi da bai fi kurɓa biyu ba, na shanye na miƙe. Ya ce ina za ni, ai saura zubi biyu, kuma ba a tashi a na farko. Haka muka zauna rana na tafiya, ina kallon inuwa, shi yana ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa.

Da la'asar muka isa garin, can gaba da Maraɗi. Duk wanda muka tambaya sai ya ce, "A, gidan Madam Rabi." Na zaci zan ga mace da siket da tabarau. Sai ga wata gajeruwar dattijuwa da carbi a hannu da lalle a ƙafa, ta je Makka har sau biyu. A wajenmu ka kira Hajiya da Madam ka ga abin da zai biyo baya. Tsohuwar malamar gona ce da ta yi ritaya. Mijinta ya sauke mu a zaure, ya shimfiɗa mana tabarma, ya ce gidanmu ne.

Ba ta bari mun huta ba, ta kai mu bayan gida. Kwami uku ne na siminti, a jere, kowane ya ɗan fi na gabansa tudu. Duk a shafe da kainuwa, kore shar, an rufe su da tsohon gidan sauro don kada su zama gidan haya ga sauro. Ta sa hannu ta ɗago guda ɗaya, ta nuna mini saiwar, doguwa mai gashi-gashi.

Ta ce, "Wagga ita ka aikin. Ruwan rijiya shi kwana ukku nan, shi gangara nan shi kwana ukku, shi gangara na ukku. Saiwa tana ta tsotso. Daga nan shi bi ta durom ɗin can."

Durom ɗin cike yake da yashi da tsakuwa da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, wai tsatsar ma tana kama abin da ya rage. Bayan haka sai a gwada da takarda, sa'an nan a tafasa saboda ƙwayoyin cuta. Na fito da tambayoyin Malama Saratu ina karantowa tana amsawa. Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce karonta na farko bai yi ba, na biyu ma haka. Ta ce in gubar ta yi yawa kainuwar kanta rawaya take yi ta mutu, kuma ba kowane ruwa ne take iya wa ba. "Ido ba shi ganin ta, halshe ba shi jin ta. Takarda kaɗai ka hwaɗin gaskiya. Ranar da kab bar gwaji, ka bar aikin."

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da ruwa a ƙwarya. Na riƙe ƙwaryar ina juyawa. Zuciyata ta ƙi. Ni da na saba in ga kainuwa a tabki in kau da kai, yau in sha ruwan da ta kwana tara a ciki? Madam Rabi na tsaye bakin ƙofa, ta lura.

Ta ce, "Malam Ummaru, shekara nawa kun ka yi kuna shan ruwa mai haske?"

Na kafa kai na shanye. Yana da ɗan ƙamshin ganye, ba wani abu ba.

Washegari ne na yi abin kunyar da ake ta yayatawa. Na tashi da wuri, na ce baƙon kirki ba ya zama hannu sake a gidan da aka karrama shi. Na zagaya baya ko zan sami abin taɓawa. Sai na ga kwando cike da kainuwar da aka tsame jiya, an ajiye gefen danga. Can kuma ga ragon layyarsu a ɗaure, yana tuƙar busasshiyar harawa. Bazara ce, ko'ina ƙurmus. A wajenmu wanda ya zubar da ɗanyen ganye a irin wannan lokaci dabba na kallo, sai a ce ba shi da tausayi. Na ce a raina mutanen nan akwai ilimi amma babu tattali. Na rungumo kainuwar nan na zube wa rago.

Ihun da na ji a bayana ban taɓa zaton zai fito daga jikin ƙaramar mace ba. Madam Rabi ta taho a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ta shaƙo rago ta cusa yatsu a bakinsa tana zaƙulo ganye. Na sunkuya in kwashe sauran, rago ya ga wanda ya ba shi yana ƙwacewa, ya ja baya ya sakar mini karo a ƙugu. Na zauna a ƙasa. Zama na yi, ba suma ba.

Da ta tabbatar bai haɗiye wani abin kirki ba, ta juyo tana haki. "Malam Ummaru, gubag ga da kainuwa ta tsotse, ina kaka zaton ta tahi?"

Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba. A zatona ɓacewa take yi.

"Ba ta tahi ko'ina ba, tana cikin ganyen ga da saiwag ga. Ka ba rago, Salla ta zo mu yanka rago, mu ci da ɗiyanmu. Mun hidda ta ga ruwa mun maida ta ga tukunya."

Jaɓɓi da ya fito yana dariyata ya haɗiye dariyar. Daga baya ya gaya mini dama yana shirin roƙon buhu guda ya kai wa maraƙinsa.

Ta kai mu wani tudu nesa da kowace rijiya, ta nuna mana rami da aka shafe da siminti, da murfi mai nauyi. Nan ake zuba duk kainuwar da aka tsame. Ba a ba dabba, ba a kai gona, ba a ƙonawa. Ta tsaya ta dube ni. "Matanku suna toka da ita?" Nan take na tuna gida. Duk ƙauyenmu ba wanda ya kai Yaya Ige iya tokar miya, kuma ba abin da take bari ya lalace.

Da za mu tafi na roƙe ta irin kainuwarta in kai gida. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Babu tabki garinku?" Akwai, a bayan gidana ma yake, na sha zagin kainuwarsa in ta hana ni ɗiban laka. Ta zana mini tsarin kwamin a takarda, ta ba mu fura a jallo. A iyaka Bazabarmen nan ya leƙa bayan babur ya ce ina garken da na sayo. Na ce na bar masa ya yi kiwo, ai aikin bawa ne.

Da na dawo aka yi gayya, muka gina kwami uku gefen rijiyar. Na shiga tabki har ƙugu ina kwasar kainuwa, mata na wucewa suna cewa Allah ya ba Ummaru lafiya. Bayan kwana tara Malama Saratu ta gwada. Takarda ta yi rawaya. Ta fi da sauƙi, amma ba ta kai a sha ba. Masu dariya suka ƙara sauti. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Maigari ya ce ya ƙara mini mako biyu, daga nan ba ƙari. Muka ƙara kainuwa, muka ƙara kwanaki, na bi gida-gida ina roƙon tsofaffin ƙusoshi.

Ranar da na tsame kainuwar farko na tara ta a kwando, na je ɗauko dagi. Ina dawowa kwando wayam. Ban tsaya tambaya ba, na ruga gidan Yaya. Na tarar ta shanya ta a tabarma tsakar gida, tana bajewa da ƙafa.

Na ce, "Yaya, mi za ki yi da ita?"

"Toka mana. Ko so kaka yi ta ruɓe banza?"

Na durƙusa na naɗe tabarmar gaba ɗaya. Na ba ta labarin rago, har da karon. Rabon da in ji dariyar Yaya tun kafin a shafa fenti. Da ta gama ta ce, "Ashe ita ka ɗaukar ciwon don mu huta." Na ce haka ne. Ta ce, "To a rufe ta da mutunci."

A ranar na hau tudun da ke yamma da gari na fara haƙa. Shekara talatin ina saran ƙasa ina roƙon Allah ya haɗa ni da ruwa. Wannan ne ramin farko da na haƙa ina roƙon kada in same shi.

Ranar gwaji na biyu gari ya yi lumshi, iska na ƙamshin ruwa. Maigari ya zo, Jaɓɓi ya zo, masu dariyar ma duk sun zo. Malama Saratu ta ɗebi ruwan durom ta sa takarda. Ban iya kallo ba, na juya ina duban jan fentin nan. Da lokaci ya cika ta kara takardar da katin launi, ta ce za ta sake. Ta sake. Sa'an nan ta ɗaga ta sama, fara, sai ɗan dishi-dishin da sai ka matso za ka gani.

Ta ce, "Wanga ana iya sha. Amma fenti na nan, ba mai sha kai tsaye daga rijiya. Kuma duk wata za ni zo in gwada. Ranad da ta canza launi, a tsaya."

Maigari ya ce, "Ummaru, aje dagin cikewa."

Tun da safe Malama ta sa an tafasa tulu guda na ruwan durom an bar shi ya huce, ko Allah zai sa. Aka zuba a ƙwarya. Na miƙa hannu, don ni ya kamata in fara, in ma da saura ta fara da ni. Sai na ji murya a bayana.

"Ba ni nan. Ni ab babba."

Yaya ce. Ta fito da hannuwanta daga mayafi, a gaban Maigari, a gaban kowa. Kantar na nan, ɗigon na nan, Malama ta riga ta gaya mana ba lalle su goge ba, sai dai a yi fatan su tsaya inda suke. Ta karɓi ƙwaryar ta yi bisimilla ta sha sosai. Ta goge baki.

Ta ce, "Bai kai na da daɗi ba."

Mutane suka yi dariya. Ni ban iya ba. Ta miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu a buɗe.

"Sha, Ummaru. Ladar Baba ba ta yanke ba."